QuickMap: Taswirar Wata da Ke Nuna Inda Ake Neman Ƙanƙara

Tun daga shekarar 2009 da wuya a yi shekara biyu a jere ba a ji labarin cewa an gano ruwa a duniyar wata ba, kuma kusan kowane karo akan kawo labarin tamkar shi ne na farko. Wanda ba ya bin lamarin sau da ƙafa yana da hujjar rikicewa, ya tambayi kansa sau nawa za a gano ruwan nan, a wane wuri yake, kuma me ya sa har yau ba wanda ya nuna hotonsa ƙarara. Akwai wani shafin intanet mai suna QuickMap wanda, a ganina, ya fi yawancin rahotannin jarida amsa waɗannan tambayoyi, duk da cewa ba don gama-garin mai karatu aka gina shi ba, kuma tsarinsa bai ɓoye hakan ba.

QuickMap taswirar wata ce da ake buɗewa kai tsaye a intanet, kyauta, ba tare da rajista ko sauke wata manhaja ba. Tawagar da ke kula da kyamarorin kumbon Lunar Reconnaissance Orbiter, wadda ta daɗe tana aiki daga Jami'ar Jihar Arizona ƙarƙashin jagorancin Mark Robinson, ita ce ta samar da shi tare da kamfanin Applied Coherent Technology. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta harba wannan kumbo, wanda aka fi sani da LRO, ranar 18 ga Yuni, 2009, ɗauke da na'urori bakwai, kuma abin da suka tara cikin shekaru masu yawa shi ne ƙashin bayan taswirar. An ƙara da bayanan wasu kumbunan, irin su Clementine da Lunar Prospector na Amurka, Kaguya na Japan, da Chandrayaan-1 na Indiya. Kowane nau'in bayani yana zaman shimfiɗa guda da mutum zai iya kunnawa ko kashewa, ya ɗora ɗaya a kan ɗaya kamar takardu masu shara-shara, ya rage kaurin ta sama domin ya hango ta ƙasa.

Da zarar shafin ya buɗe, fuskar watan da kowa ya sani ce ke bayyana, da manyan tabbanta masu duhu waɗanda masanan da suka gabata suka raɗa wa sunan tekuna, alhali busassun filaye ne na narkakken dutse da ya daskare. Mai neman ƙanƙara ba shi da aiki a nan. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya canza mahangar taswirar zuwa ƙuryar kudu, wato can ƙarshen kudancin wata, yadda zai riƙa kallon wurin daga sama kai tsaye, kuma a nan ne shafin yake fara nuna darajarsa, domin taswirar da aka saba bugawa a littattafai takan matse ƙuryoyin biyu a gefe har ba a gane komai. Abin da ido zai fara gani a ƙuryar kudu shi ne tarin ramuka manya da ƙanana, wasu a cikin wasu, da baƙaƙen wurare waɗanda ba su da ko ɗigon haske. Sabon shiga zai iya ɗauka cewa hoton ne bai gama saukowa ba. Hoton ya sauko, wuraren ne rana ba ta taɓa leƙa su.

Dalilin wannan duhu yana da sauƙin fahimta. Ginshiƙin da wata yake juyawa a kansa ya karkata ne da kimanin digiri 1.5 kacal idan aka auna shi da hanyar rana, saɓanin na duniya da ya karkata da sama da digiri 23, saboda haka a ƙuryoyin wata rana ba ta hawa sama, kullum tana zagaye ne a gindin sararin sama. Duk ramin da yake da zurfi a irin wannan wuri, gaɓarsa takan tare hasken, cikinsa ya zauna a inuwa ta dindindin, wasu tun shekaru biliyoyi. A shekarar 1961, kafin wani ɗan Adam ya taka wata, masana uku, Kenneth Watson da Bruce Murray da Harrison Brown, suka yi lissafin cewa idan ruwa ya taɓa isa irin waɗannan ramuka zai daskare ya zauna, ba zai gudu ba. QuickMap yana da shimfiɗar da ke zana iyakokin waɗannan wurare masu inuwar dindindin, kuma ita ce ta farko da ya kamata mutum ya kunna, domin duk sauran bayanan da ita za a riƙa gwada su.

Ramin Shackleton ne ya fi dacewa a fara da shi, domin ƙuryar kudun kanta tana kan gaɓarsa. A taswirar yana bayyana kamar baƙar da'ira mai kyan zagaye, da siririn zobe mai haske a bakinta. Shafin yana da abin jan layi wanda, idan aka ja shi daga wannan gaɓa zuwa waccan, yake fitar da zanen tsawo da zurfin ƙasar da layin ya ratsa, bisa awon LOLA, na'urar leza da ke kan LRO. Zanen da ke fitowa a kan Shackleton abin kallo ne: faɗin ramin kimanin kilomita 21, zurfinsa fiye da kilomita 4, bangonsa na gangarowa da tsananin miƙi daga kowane ɓangare zuwa ƙaramin fili a tsakiya. Gani ya kori ji. Wanda ya ga wannan zane sau ɗaya ba zai sake tunanin cewa ɗebo ruwa daga wata lamari ne na sauka a cika mazubi ba, domin tambayar da za ta zo masa ita ce ta yaya mota ko mutum zai gangara wannan bango cikin duhu, kuma ta yaya zai hauro. A gefe guda kuma, wasu tudun da ke bakin ramin da kewayensa suna samun hasken rana a mafi yawan shekara, kuma wannan maƙwabtaka ta haske da duhu ita ce ta sa hukumomin sararin samaniya suka zuba wa yankin ido, tunda za a iya samun lantarki daga rana a kan tudu, a nemi ƙanƙara a kwari.

Shimfiɗa ta biyu mai muhimmanci ita ce ta zafi da sanyi, wadda na'urar Diviner da ke kan LRO ta auna. A tsakiyar wata, wajen ikwaita, zafin tsakar rana yana kaiwa kimanin digiri 120 a ma'aunin Salshiyas, kuma duk ruwan da ke fili zai zama tururi nan take, tunda babu iskar da za ta danne shi. Ƙanƙara ba ta iya daɗewa sai inda sanyi ya kai kimanin digiri 163 ƙasa da sifili bai kuma taɓa sassautawa ba. Diviner ta samu wurare da dama da suka zarce haka, har ta auna kimanin digiri 247 ƙasa da sifili a wani sashe na ramin Hermite da ke kusa da ƙuryar arewa, wanda yana cikin mafi tsananin sanyin da aka taɓa aunawa a duk faɗin duniyoyin da ke kewaya rana. Idan mutum ya ɗora shimfiɗar mafi girman zafi a kan ta inuwa, zai lura da wani abu da rahotanni ba su cika faɗa ba, wato ba kowace inuwa ce take da isasshen sanyi ba. Wasu ramukan suna samun ɗumi daga hasken da ke dukan bangonsu ya dawo ciki, kuma ƙananan ramuka da na nesa da ƙurya sun fi fuskantar haka.

A nan ne mai amfani da shafin zai yi karo da abin da zai iya ɓata masa rai, kuma gara ya sani tun da wuri: babu inda QuickMap zai nuna masa farar ƙanƙara shimfiɗe a ƙasan rami. Wannan ba gazawar shafin ba ce. Kyamarar LRO mai kusanto abu tana iya rarrabe abin da bai wuce rabin mita ba, har ana ganin ƙasan kumbunan Apollo da sawun da 'yan sama jannati suka bari a ƙura, amma tana buƙatar haske, ramukan kuwa ba su da shi. Don haka ne NASA ta ƙera wata kyamara mai suna ShadowCam, wadda ta ninka ta LRO kimanin sau 200 wajen kama haske mai rauni, aka ɗora ta a kumbon Danuri na Koriya ta Kudu da aka harba a watan Agusta, 2022. Hotunanta sun nuna cikin Shackleton da wasu ramukan a karon farko da irin wannan tsabta, da ƙananan ramuka, da sawun dutsen da ya mirgino daga bango, amma ba su nuna wani fili mai ƙyalli da za a nuna da yatsa a ce ga ƙanƙara ba. Abin da hakan ke nufi shi ne, ƙanƙarar da ke can gauraye take da ƙura, ko binne take a ƙasa, ko kuma siririyar raɓa ce da ta daskare a jikin ƙwayoyin ƙasa.

To ina hujjar take? A warwatse take, kuma babban alfanun QuickMap shi ne yana barin mutum ya duba kowace hujja ita kaɗai kafin ya haɗa su. Ta farko ta zo ne daga kumbon Clementine, wanda a 1994 ya aika saƙon rada, wato igiyar rediyo da ke dukan abu ta dawo, cikin ramukan kudu aka karɓi amsa-kuwwarsa a duniya, aka ga alamar da ta yi kama da ta ƙanƙara, ko da yake awon da aka yi daga baya da babbar na'urar rada ta Arecibo da ke nan duniya ya nuna cewa duwatsu masu kaushi ma suna iya ba da irin wannan alama. Ta biyu ta fi ƙarfi. A 1998 kumbon Lunar Prospector ya ƙirga ƙwayoyin nutron da ke tasowa daga ƙasar wata sakamakon dukan da take sha daga haskoki masu ƙarfi na sararin samaniya. Haidurojin yana rage wa nutron gudu, saboda haka duk inda masu matsakaicin gudu suka yi ƙaranci, akwai haidurojin a cikin kimanin mita guda na saman ƙasar, kuma an samu wannan ƙaranci a ƙuryoyin biyu. Shimfiɗar haidurojin a taswirar tana da wani dishi-dishi da zai ba mutum mamaki bayan ya saba da kaifin hotunan kyamara, domin irin wannan awo yana haɗa faɗin gomman kilomitoci ne a ɗigo guda. Kuma haidurojin ba lallai ne ya zama ruwa ba. A ƙarshen aikinsa, ranar 31 ga Yuli, 1999, an tura Lunar Prospector ya faɗa cikin wani rami a kudu da fatan zai tayar da tururi, ba a ga komai ba. Kumbon yana ɗauke da ɗan tokar gawar masanin duwatsu Eugene Shoemaker, kuma daga baya aka raɗa wa ramin sunansa. Yana nan a taswirar kusa da Haworth da Faustini.

Wurin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne Cabeus, rami mai faɗin kusan kilomita 100 wanda a ido ba shi da kyan Shackleton, gaɓarsa ta zaizaye, siffarsa ba ta fita sosai ba. Ranar 9 ga Oktoba, 2009, aka saki gangar rokar Centaur, wadda ta yi nauyin fiye da tan biyu, ta daki inuwar wannan rami da gudun kimanin kilomita 9,000 a awa guda, kumbon LCROSS na NASA kuma yana biye da ita da tazarar minti huɗu, ya ratsa ƙurar da ta tashi yana aunawa yana aikowa, kafin shi ma ya faɗi. Mutane da yawa sun kafa na'urorin hangen nesa a duniya suna jiran su ga fashewa, ba su ga komai ba, wasu har suka ɗauka aikin ya ci tura. Ranar 13 ga Nuwamba tawagar, ƙarƙashin Anthony Colaprete, ta sanar da cewa an samu ruwa, kuma cikakken lissafin da ya biyo baya a 2010 ya nuna kimanin kilogiram 155 na tururi da ƙanƙara a cikin abin da na'urorin suka hango, wato ruwa ya kai kimanin kashi 5.6 cikin ɗari na nauyin ƙasar wurin, da yiwuwar kuskuren kusan kashi 3 sama ko ƙasa. An kuma ga wasu sinadarai tare da shi, har da amoniya da zaiba. Wannan ita ce hujja mafi kusa da taɓawa da hannu da ake da ita, kuma wuri guda ne tak. Idan mutum ya kusanto Cabeus a QuickMap ya tuna cewa ramin da rokar ta haƙa bai wuce 'yan gomman mitoci ba a cikin wannan faɗi, zai gane irin ƙanƙantar abin da aka gwada idan aka kwatanta da abin da ake hasashe a kansa.

Sashen da ya fi ɗaukar hankalina a amfani da shafin shi ne inda aka ɗora shimfiɗun nan gaba ɗaya, domin ba su yarda da juna ba. Akwai ramukan da suke da duhu da isasshen sanyi amma alamar haidurojin a cikinsu ba ta da ƙarfi, akwai kuma wuraren da alamar ta bazu har wajen inuwa. Cabeus yana cikin masu alama mai ƙarfi, Shackleton kuwa, duk da shahararsa, hujjojinsa sun fi rauni da ruɗarwa. A 2010 an sanar da cewa na'urar radar Mini-SAR da ke kan Chandrayaan-1 ta ga ramuka sama da 40 a ƙuryar arewa masu alamar ƙanƙara, aka ƙiyasta aƙalla tan miliyan 600, adadin da har yau ake maimaitawa kamar an auna shi da sikeli, alhali wasu masana sun nuna cewa tarin duwatsu a cikin ramuka yana iya haifar da wannan alama. A 2018 Shuai Li na Jami'ar Hawaii da abokan aikinsa suka sake nazarin bayanan wata na'urar ta Chandrayaan-1, suka gano tambarin ƙanƙara kai tsaye a cikin ɗan hasken da ke dawowa daga inuwa, amma a kimanin kashi 3.5 cikin ɗari kawai na wuraren da suke da sanyin riƙe ta. Duniyar Makyuri, wadda ta fi kowace kusa da rana, tana da ramukan ƙurya da rada ke gani cike da ƙanƙara mai kauri, kusan duk inda inuwa mai sanyi take. Me ya sa wata bai zama haka ba? Tambaya ce da masana ke ci gaba da muhawara a kanta, kuma ɗaya daga cikin amsoshin da aka bayar, a wani bincike na 2016 da Matthew Siegler ya jagoranta, ita ce ginshiƙin wata ya taɓa gocewa da kimanin digiri 6 a zamanin da, ta yadda wani ɓangare na ƙanƙarar yana zaune ne a inda tsohuwar ƙuryar take.

Inda shafin bai taimaka sosai ba shi ne wajen rarrabe nau'o'in ruwan da ake magana a kansu, kuma daga nan ne rikicewar labarai take tasowa. Ƙanƙarar ramuka abu ne guda. Abu na biyu shi ne abin da aka sanar a watan Satumba, 2009, lokacin da na'urar Moon Mineralogy Mapper, wadda NASA ta ƙera aka ɗora a Chandrayaan-1 ƙarƙashin jagorancin Carle Pieters, ta ga alamar haɗin haidurojin da oksijin a saman ƙasar da rana ke haskawa, alamar tana ƙaruwa idan aka nufi ƙuryoyi. Bayanan kumbunan Cassini da Deep Impact sun tabbatar da haka. Ana ganin guguwar ƙwayoyin da ke fitowa daga rana ce take kawo haidurojin, ya haɗu da oksijin da ke cikin duwatsu. Wancan awo bai iya bambance cikakken ruwa da rabin gininsa, wato haidurojin guda haɗe da oksijin guda, ba, sai a watan Oktoba, 2020, da aka sanar da cewa na'urar hangen nesa ta SOFIA, wadda ke cikin jirgin sama ƙirar Boeing 747, ta ga cikakken ruwa a yankin ramin Clavius, tsakanin kashi 100 zuwa 412 cikin miliyan. NASA da kanta ta kwatanta shi da ƙaramar kwalbar ruwa a cikin ƙasa mai mita guda tsawo, faɗi da zurfi, ta kuma ce hamadar Sahara ta ninka shi sau ɗari. Abu na uku shi ne ruwan da ke kulle a cikin ƙwayoyin gilashi da ma'adinai. Kilogiram 382 na duwatsu da ƙasa da tafiye-tafiyen Apollo suka kawo tsakanin 1969 da 1972 an daɗe ana ɗaukar su busassu ƙayau, kuma rahoton masanan Tarayyar Sobiyet na 1978 cewa sun ga ɗan ruwa a samfurin Luna 24 bai samu karɓuwa ba, sai a 2008 Alberto Saal na Jami'ar Brown ya gano ruwa a cikin ƙwayoyin gilashin aman wuta da Apollo 15 da 17 suka kawo. Kumbon Chang'e 5 na ƙasar Sin, wanda ya dawo da giram 1,731 a watan Disamba, 2020, ya ƙara irin wannan hujja. Mutum zai iya rubuta sunan Clavius a wurin bincike taswirar ta kai shi can, ya ga katafaren rami mai faɗin kimanin kilomita 230 da rana ke haskawa tarwai, amma babu abin da zai gaya masa dalilin da ya sa sunan ya shiga labarai. Sai ya zo da saninsa.

Wannan shi ne babban rauni a shafin ga wanda ba masani ba. Komai da Turanci yake, kuma ba Turancin kowa da kowa ba, domin sunayen shimfiɗun cike suke da taƙaitattun haruffa irin su WAC, NAC da PSR, bayanin da ke tare da su kuma an rubuta shi ne ga wanda ya riga ya san fannin. Launuka ma suna iya yaudara. Yawancin shimfiɗun suna amfani da launin aro ne domin nuna bambancin lamba, kuma shuɗi a taswirar tudu da kwari yana nufin wuri mai zurfi, a ta zafi yana nufin sanyi, ba ruwa ba. Ba abin mamaki ba ne a ga an ɗauki irin wannan hoto an yaɗa shi da cewa tafkunan wata ne, saboda haka duk wanda zai ɗauki hoto daga shafin domin koyarwa ko rahoto wajibi ne ya haɗa da ma'aunin launin. Sannan shafi ne da ya fi dacewa da babbar fuskar kwamfuta da intanet mai ƙarfi, tunda kowace kusantowa sabbin hotuna take saukewa, kuma jan layi daidai da ɗan yatsa a ƙaramar waya aiki ne mai wahala. NASA tana da wani shafin makamancinsa mai suna Moon Trek, wanda ya fi sauƙin shiga ga mai fara koyo, amma wajen ɗora hujjoji a kan juna a yankin ƙurya QuickMap ne na fi gamsuwa da shi.

Akwai kuma wani amfani da shafin yake da shi wanda ya shafi labaran da ke tafe. Ruwan wata yana da daraja ne saboda za a iya sha, za a iya raba shi a samu oksijin na numfashi da haidurojin na man roka, ba tare da an ɗauko su daga duniya ba, shi ya sa kusan duk sababbin tafiye-tafiye suka nufi kudu. Da taswirar a gaba, mutum zai iya tantance abin da ake gaya masa. Lokacin da kumbon Chandrayaan-3 na Indiya ya sauka ranar 23 ga Agusta, 2023, kwanaki kaɗan bayan Luna 25 na Rasha ya tarwatse, an yi ta cewa ya sauka a ƙuryar kudu, amma wurin yana wajen digiri 69 ne, wato kimanin kilomita 600 daga ƙuryar, nesa da manyan ramukan inuwa. Wannan bai rage girman nasarar Indiya ba, sai dai ba ƙanƙara ya je haƙa ba. Kumbon Athena na wani kamfanin Amurka, wanda ya sauka a Mons Mouton, wani tudu kusa da ƙuryar kudu, a watan Maris, 2025 ɗauke da na'urar haƙa ta neman ƙanƙara, ya kife a gefensa cikin wani ƙaramin rami, aikinsa ya ƙare da wuri. Shimfiɗar gangaren ƙasa ta wannan yanki tana nuna dalilin da ya sa sauka a can take da haɗari, domin shimfiɗaɗɗun filaye ƙanana ne, inuwoyi dogaye ne, kuma suna sauya wuri kullum. Haka nan yankuna 13 da NASA ta fara zaɓa a 2022 domin saukar 'yan sama jannatin Artemis, shirinta na mayar da mutane wata, waɗanda ta rage zuwa 9 a 2024, duk za a iya duba su a auna nisansu da inuwa mafi kusa.

Ga malamin kimiyya, ko ɗan jarida, ko ɗalibin da ke da haƙurin karatu, ina ba da shawarar QuickMap ba tare da wani shakku ba, da sharaɗin ya fara karanta tarihin binciken a wani wuri kafin ya buɗe shi. Wanda kuwa yake son kallon kyawun wata kawai, Moon Trek zai fi yi masa daɗi. Tsarin da ya fi fitar da ma'ana shi ne a juya zuwa ƙuryar kudu, a kunna iyakokin inuwar dindindin, a ɗora mafi girman zafi, sannan haidurojin a ƙarshe, a kwatanta Cabeus da Shackleton da Shoemaker ɗaya bayan ɗaya, kafin a koma ƙuryar arewa a maimaita a kan Hermite da ramukan da ke kewaye da shi.